JINYAR MARAR LAFIYA A GIDA: Yadda Za A Haɗa Hidimar Yau Da Kullum Da Umarnin Likita

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda bai taɓa yin jinya ba. Asibiti yakan karɓi marar lafiya na kwanaki ko makonni, amma doguwar jinya a gida ake yin ta, kuma 'ya'ya da mata da miji da 'yan'uwa su ne ke ɗaukar nauyinta, galibi ba tare da wani ya koya musu ba. An shirya wannan ɗan littafi domin irin waɗannan mutane. An ɗauki misalin dattijo ko dattijuwa mai shanyewar ɓarin jiki, domin cuta ce mai haɗa kusan dukan wahalolin jinya, sau da yawa kuma tana tare da hawan jini ko ciwon sukari. Duk da haka yawancin bayanin zai amfani mai jinyar kowace irin doguwar rashin lafiya. Littafin ba ya maye gurbin likita. Inda maganar likitan da ya duba marar lafiya ta saɓa da abin da ke nan, maganar likita za a bi.

Kaya Biyu A Kai Ɗaya

Aikin mai jinya iri biyu ne. Na farko shi ne hidimar jiki ta yau da kullum, watau wanka, da wanke baki, da ciyarwa, da kai wa bayan gida, da canja tufafi da shimfiɗa. Na biyu shi ne aikin da asibiti ya damƙa masa, watau ba da magani a kan lokaci, da awon jini ko na sukari, da wanke gyambo, da motsa gaɓoɓi, da komawa asibiti ran da aka sa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙe ɗaya a saki ɗaya. A wani gida za a ga marar lafiya fes, an yi masa wanka, an shafa masa turare, an cika masa ɗaki da abinci, amma ƙwayar hawan jini ta ƙare tun makon jiya ba a sayo ba. A wani gida kuwa ba a taɓa tsallake magani ba, amma an bar shi kwance a gefe ɗaya tun safe har la'asar, bayansa ya fara ɓarkewa. Duka biyun suna iya kai mutum ga halaka. Gaskiyar magana ita ce, ga wanda ba ya iya tashi, wanka da juyi da ciyarwa su ma magani ne, kamar yadda ƙwaya da allura suke magani.

Abin Da Ya Kamata A Sani Game Da Cutar

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa sa'ad da jini ya daina kai wa ga wani sashe na ƙwaƙwalwa. Hanya biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe, wannan shi ya fi yawa, ko kuwa ta fashe jini ya zuba. Sashen dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma shi ke sarrafa dama. Cibiyar magana a wurin yawancin mutane tana hagu, shi ya sa wanda damarsa ta shanye sau da yawa maganarsa ma takan sarƙe. Babban abin da ke jawo cutar shi ne hawan jini da ba a kula da shi ba. Ciwon sukari da shan taba da yawan kitse a jini suna ƙara haɗarin.

Cutar ba a ɗaukarta ta wurin taɓawa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya taɓa yi kuma yana cikin haɗarin sake yi. Mafi yawan sauƙin da ake samu yakan zo ne a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ana ci gaba da samu bayan haka. Saboda haka watannin farko ba na sakaci ba ne.

Kafin A Bar Asibiti

Jinyar gida tana farawa ne tun a gadon asibiti. Kada iyali su yi garajen tafiya da zarar an ce an sallame su. Wanda zai riƙe jinyar, shi da kansa, ya tsaya ya tambayi likita ko nas waɗannan abubuwa, ya kuma rubuta amsa, ko ya sa a rubuta masa da harshen da yake karantawa, boko ko ajami:

1. Sunan cutar, da sunan kowane magani, da amfaninsa, da yawan da za a sha, da lokacinsa.
2. Wane magani ake sha kafin abinci, wanne kuma bayan abinci.
3. Ko marar lafiya yana iya haɗiye ruwa da abinci ba tare da ƙwarewa ba.
4. Yadda ake juya shi, da ɗaga shi, da zaunar da shi. A roƙi nas ta nuna, sa'an nan mai jinya ya gwada a gabanta.
5. Idan da robar fitsari ko ta abinci, yadda ake kula da ita da ranar canja ta.
6. Ranar komawa, da wurin da za a je in wani abu ya taso da dare.

Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙin marar lafiya ne da na iyalinsa a yi musu bayani. Matambayi ba ya ɓata.

Littafin Jinya

A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ajiye shi kusa da gado tare da alƙalami. A shafin farko a rubuta magunguna da lokutansu. Kowace rana kuma ta sami shafinta, inda za a sa alama in an ba da magani, a rubuta sakamakon awo, da abin da aka ci, da ko an yi bayan gida, da duk wani sabon abu da aka gani. Amfanin wannan littafi uku ne. Yana hana a ba da magani sau biyu ko a manta da shi sa'ad da mutane da dama ke karɓa-karɓa. Yana ba likita cikakken labari ran komawa. Yana kuma sauke wa mai jinya nauyin riƙe komai a ka, domin gajiya tana kawo mantuwa.

Tsarin Yini

Hanya mafi sauƙi ta haɗa ayyukan nan biyu ita ce a ɗaura kowane aikin asibiti a jikin wani aikin gida da aka saba yi, yadda ɗaya zai riƙa tuna wa mutum ɗayan. Ga misali, wanda kowane gida zai gyara gwargwadon umarnin likitansa:

Da asuba, wajen ƙarfe 6: a juya shi, a canja shimfiɗa in ta jiƙe, a wanke masa baki da fuska, a yi awon sukari kafin ya ci komai in likita ya ce a riƙa yi.

Ƙarfe 8: karin kumallo a zaune, tare da maganin safe.

Ƙarfe 10: wanka. Lokacin wanka shi ne lokacin duba fata daga ƙeya zuwa diddige, shi ne kuma lokacin motsa gaɓoɓi, tun da an riga an tuɓe, jiki kuma ya saki.

Da azahar: abincin rana da maganinsa, sa'an nan hutu. Mai jinya shi ma ya kwanta a wannan lokaci.

Da la'asar: a zaunar da shi a kujera, a waje in da hali, ya ga mutane. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da masu dubiya.

Da magariba zuwa isha'i: abincin dare da magani, da wanke baki, da cika littafi, da ware magungunan gobe.

Tsakanin waɗannan duka, wanda ba ya iya juya kansa sai an juya shi duk bayan sa'a 2, har da dare.

Sha'anin Magani

Maganin hawan jini ba ya warkar da cutar, danne ta yake yi. Ran da aka daina, jini zai sake hawa, ko da mutum ba ya jin ciwon kai ko jiri. Mutane da yawa da suka sake faɗuwa, sun daina shan magani ne domin sun ji sauƙi. A asibiti, awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka kuma maimaita aka same shi haka, shi ake kira hawan jini. Likita zai faɗi adadin da yake so marar lafiyarsa ya tsaya a kai. In da na'urar awo a gida, a bar mutum ya zauna shiru na minti 5 kafin a auna, a kuma auna a hannu mai lafiya.

In an manta da magani har lokacin na gaba ya gabato, kada a haɗa biyu a ba shi. Kada a ba shi maganin wani, ko da cutarsu ta yi kama. Kada a niƙa ƙwaya ko a fasa kwanso sai an tambayi mai harhaɗa magani, domin waɗansu an yi su ne su narke a hankali cikin yini. A sake sayen magani tun saura na kwana 7, a sayo daga kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Maganin da ake tallarsa a rana cikin tire ko a cikin mota ba abin dogara ba ne.

A yi hankali ƙwarai da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Suna iya ƙara hawan jini, su taɓa ƙoda, su kuma sa ciki ya zubar da jini, musamman ga wanda ke shan asfirin ko maganin tsinka jini. Haka kuma duk wani jiƙo ko sassaƙe ko gari da 'yan'uwa suka kawo da kyakkyawar niyya, a faɗa wa likita kafin a ba shi, domin magani yana iya karya magani. Kada a yi tsaga ko ƙaho ko gashi da abu mai zafi a ɓarin da ya shanye. Sau da yawa wurin ba ya jin zafi, sai ya ƙone ba a sani ba, ga mai ciwon sukari kuwa ƙaramin rauni yana iya zama gyambo.

Mai yin allurar insulin ya ajiye kwalbar da ba a buɗe ba a firiji, amma ba a wurin ƙanƙara ba. Kwalbar da ake amfani da ita tana iya zama a wuri mai sanyi, nesa da rana, har kimanin kwana 28. Inda ba wutar lantarki, ana sa kwalbar cikin mazubi mai murfi da ruwa ba ya shiga, a ajiye a randar ƙasa. Kada a yi allurar sai abinci yana kusa. Game da azumi kuwa, na Ramadan ko na coci, a nemi shawarar likita tun kafin lokacin ya zo, kada a canja lokutan magani da ka.

Abinci Da Haɗiya

Shanyewar jiki takan raunana maƙogwaro. In abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya shiga huhu, yakan jawo ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta bayan sun tsira daga bugun farko. Saboda haka kada a taɓa ciyar da mutum yana kwance, ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi sosai, a ba shi loma ƙanana ta ɓarin baki mai lafiya, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Kada a yi masa ɗure. Bayan ya gama a duba kumatu ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune na minti 30. In yana tari sa'ad da yake ci, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkurar ruwa, a dakata a sanar da asibiti. Ga waɗansu, abu mai kauri kamar kunu ko tuwo mai laushi da miyar yauƙi ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A tuna cewa dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire da abincin gwangwani duk suna ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Ana iya ɗanɗana miya da albasa da tafarnuwa da citta da daddawa. A yawaita ganye irin su zogale da alayyafo da rama, da wake, da kifi, da ƙwai, domin jikin da ba ya samun abinci mai gina jiki fatarsa ba ta jure kwanciya. Mai ciwon sukari ya ci a kan lokaci, a rage masa sukari da zuma da lemon kwalba. A ba da ruwa isasshe. Waɗansu sukan rage wa marar lafiya ruwa don gudun wankin shimfiɗa. Wannan kuskure ne mai jawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida.

Tsabta Da Gyambon Kwanciya

Gyambon kwanciya yana fitowa ne inda ƙashi ya danne fata a kan shimfiɗa har jini ya kasa ratsawa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan baya, da ƙugu, da diddige, da idon sawu, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙeya. Yana iya farawa cikin sa'o'i kaɗan, amma warkewarsa takan ɗauki watanni. Ga mai baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri, ko sheƙi. In an ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin nan take, kada a murza, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya.

A riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyi, da ƙarƙashin sangalin ƙafa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. Zane ya zama busasshe, miƙaƙƙe, ba tare da ɓarɓashin abinci ba. In an shimfiɗa leda, a rufe ta da zanen auduga. In ya yi fitsari ko bayan gida a kwance, a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi ba tare da jinkiri ba, a tsane da tawul. Wajen juyawa a ɗaga shi da zane, mutum biyu, kada a ja shi a kan shimfiɗa. Jakar fitsari kullum ta kasance ƙasa da mararsa, kada kuma ta taɓa ƙasa. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin magani da abinci, da bayan kowane wanki. Ga mai ciwon sukari a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana.

Motsa Gaɓoɓi

Gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare ta ƙage. Ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira fisiyo a asibiti, shi zai nuna irin motsin da ya dace, iyali kuma su riƙa maimaitawa a gida a hankali, ba tare da tilastawa har a ji ciwo ba. Kada a taɓa jan mutum ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. In yana zaune a tallafe hannun da matashi. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen tuɓewa a fara da mai lafiya.

Tausayi yakan sa iyali su yi wa marar lafiya komai. Wannan yana jinkirta sauƙi, yana kuma ƙara wa mai jinya aiki. Duk abin da zai iya yi da kansa, ko riƙe cokali ne, ko goge fuska, a bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

In Ayyuka Suka Yi Karo

Akwai ranar da hannu ba zai kai ko'ina ba. A irin wannan rana a bi wannan jeri. Na farko, numfashi da alamun haɗari. Na biyu, magani mai ƙayyadadden lokaci da abincin da ke tafiya da shi. Na uku, juyi da canja jiƙaƙƙen zane. Na huɗu, ruwan sha da wanke baki. Cikakken wanka yana iya komawa goge jiki da tsumma mai tsabta. Wankin kaya da shara da girkin baƙi suna iya jira, ko a ba wani. Ba abin kunya ba ne baƙo ya tarar da tsakar gida ba shara, in dai marar lafiya ya sha maganinsa, an kuma juya shi.

Alamun Da Ba A Jira Da Su

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun yi sabon rauni, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, farfaɗiya ko suma, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, zazzaɓi da ya kai awo 38, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, aman jini ko baƙin bayan gida, fitsari ya tsaya, gyambo mai wari ko ruwa.

In ana zaton sabon bugu ne, a lura da lokacin da ya fara. Akwai allurar narkar da gudan jini wadda ba a yin ta sai cikin sa'a 4 da rabi na farko, a asibitin da ke da ita, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ba shi asfirin a gida, domin in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja.

Ga mai shan maganin sukari, gumi da rawar jiki da ruɗewa alamun faɗuwar sukari ne, watau awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a na'ura mai ɗaya ma'aunin. In yana farke kuma yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali 3 ko 4 na sukari a ruwa a ba shi, a sake awo bayan minti 15, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma, kada a sa masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a kai shi asibiti.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A gidaje da yawa jinya takan faɗa kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, alhali ga girki, ga yara, ga sana'a. Wani lokaci ma akan cire yarinya daga makaranta. Wannan bai dace ba, ba kuma ya ɗorewa. Wajibi ne maigida ko babban gida ya tara iyali tun makon farko a raba aiki a fili: wane ne mai kwanan dare, wane ne mai kai wa asibiti, wane ne mai sayen magani, wace ce mai girki. Ɗagawa da juyi da wankan namiji aiki ne da ya dace da 'ya'ya maza. 'Yan'uwan da ke nesa wajen neman abinci, a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, ko Abuja, su ɗauki nauyin kuɗin magani na wata-wata, abin da aka san adadinsa da ranarsa, su kuma riƙa zuwa karɓar jinya in sun sami hutu. Amma mutum ɗaya ne zai riƙe littafi ya yi magana da likita, domin kada umarni ya rarrabu.

Lafiyar Mai Jinya

In mai jinya ya kwanta, marasa lafiya sun zama biyu. Kada mutum ɗaya ya yi yini ya kuma yi dare a jere. Ya ci abinci a kan lokaci, ya sami rabin yini aƙalla a mako da zai fita ya ga mutane, ya je masallaci ko coci ko kasuwa. Wajen ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe bayansa, ya matso kusa da wanda zai ɗaga. Shi ma ya auna jininsa, domin hawan jini yakan bi dangi.

Rashin barci, da saurin fushi, da kuka ba dalili, da jin an gaji da rai, alamu ne cewa kaya sun yi yawa. Ba alamar rashin imani ko rashin ƙauna ba ne. Wanda ya ji ya fara yi wa marar lafiya tsawa ko riƙon ƙarfi, ya fita ya kira wani ya karɓe shi, ya kuma faɗa wa iyali ko ma'aikacin lafiya halin da yake ciki.

Mutuncin Marar Lafiya

Wanda jiya shi ke ciyar da gida, yau kuma ake wanke masa jiki, yana ɗauke da ciwo biyu. A rufe ƙofa lokacin wanka, a buɗe sashen da ake wankewa kaɗai. A riƙa gaya masa abin da za a yi kafin a yi. Kada a yi maganarsa a kansa kamar ba ya nan, domin wanda ya kasa magana sau da yawa yana ji, yana kuma ganewa. A yi masa gajerun tambayoyi, a ba shi lokacin amsawa. A ci gaba da shawartarsa a kan al'amuran gida, a taimake shi ga ibadarsa gwargwadon ikonsa. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na masu wannan cuta sukan shiga matsanancin baƙin ciki, wanda shi ma yana da magani a asibiti. Dubiya abu ne mai kyau, amma a taƙaita ta, kada ta ci lokacin magani da barci, mai mura ko tari kuma ya dakata sai ya warke.

Inda Za A Nemi Taimako

Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, da manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, an ɗora tsarin lafiyar Nijeriya a kan ƙananan cibiyoyin lafiya na kusa da jama'a. Awon jini da wankin gyambo da shawara, a can ya kamata a fara nema. In abin ya fi ƙarfinsu sai su tura babban asibiti, ko asibitin koyarwa kamar na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ibadan, da Legas, da Enugu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya na matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohon shirin NHIS, ta kuma yi tanadin asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Iyali su tambayi ofishin inshorar lafiya na jiharsu yadda ake rajista. A manyan asibitoci akwai sashen jin daɗin jama'a mai duba halin waɗanda kuɗin magani ya gagara.

Kammalawa

Ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da cutar shanyewar jiki a duniya. A 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana domin girmama masu kula da wasu. Wannan shaida ce cewa aikin da ake yi shiru a cikin ɗaki aiki ne babba. Abin da ake bukata daga kowane gida shi ne a tambaya kafin a bar asibiti, a rubuta, a ba da magani a kan lokaci, a juya, a ciyar a zaune, a raba aiki, a kuma bar mai jinya ya huta. Wanda ya karanta wannan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kowane babba kuma, ko yana jin lafiya lau, ya je a auna jininsa, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.